Babban Gwani na Zazzau da Maginin da Muka Manta da Sunansa



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar La'asar, kwamitin masallacin unguwarmu ya zauna a zauren dattijon da nake yi wa magatakarda, aka yanke shawarar a rushe tsohon ginin ƙasa a ɗora sabo na bulo da siminti. Ba wanda ya ja da maganar, ni ma ban ja ba, domin duk mai sallah a wurin ya ga tsagar da ta ratsa bangon arewa tun daminar 2022, ya kuma ga yadda daminar 2024 ta buɗe ta har yatsu uku suna shiga. Aka ce in ɗauko littafi in fara rubuta masu gudummawa: wane buhun siminti hamsin, wane rodi, wane kwanon rufi, wane sefa dubu ɗari. Ina cikin rubutu sai Baba ya ɗaga kai ya dubi jama'a, ya ce, "To, shi wanda ya gina wannan da za mu rushe, yaya sunansa?"

Zaure ya yi tsit. Mu goma sha huɗu ne a wurin, a cikinmu akwai waɗanda aka raɗa wa suna a wannan masallaci, aka ɗaura musu aure a cikinsa, aka sallaci iyayensu a ƙofarsa. Iyakar abin da aka iya tunawa shi ne wai wani Bazazzagi ne mai niyyar hajji ta ƙasa, wanda guzurinsa ya ƙare a nan zamanin da Injamena ke amsa sunan Fort-Lamy. Ya yi damina biyu yana gini yana tara kuɗin hanya, sa'an nan ya bi ayari ya yi gabas, ta Ati da Abeshe ya shiga Sudan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Irinsa da yawa sun ratsa ta nan, gama garin zango ne a kan hanyar Makka, kuma da yawanmu jikokin waɗanda suka yada zango ne ba su ƙara gaba ba.

Da na koma gida da dare sai na buɗe tsohon kundin da na gada daga magatakardan da ya gabace ni, wanda aka rubuta da ajami. Na sami sunan wanda ya ba da filin, da na wanda ya biya kuɗin itacen rufi, da na limamai uku bi da bi, har da na wanda ya sayi tabarmi. Magini ba ya ciki. Alhali kuwa abin da ke sa baƙo ya tsaya ya dubi masallacin nan aikin hannunsa ne: bakan da ya ɗaura a tsakiya babu ginshiƙi a ƙarƙashinsa, da zanen da ya fitar a jikin bangon alƙibla, layuka masu kauri da ke nannaɗe juna suna hawa har su haɗu a kan mihirabi. Shekara talatin ke nan ina tsayuwa a sahun farko ina fuskantar wannan zane, ban taɓa tambayar wanda ya yi shi ba sai da Baba ya tambaya. Saboda haka duk laifin da zan ɗora wa jama'a a wannan rubutu, da ni a ciki.

Abin da nake so in faɗa shi ne, mu Hausawa mukan rubuta sunan mai kuɗi mu bar na mai hannu, kuma wannan ɗabi'a tana yi mana ɓarna fiye da yadda muke zato. Aikin da ba a san mai shi ba maraya ne, ranar da aka zo masa da diga ba ya da mai tsaya masa.

Tun da an ce Bazazzagi ne, bari in kai ku Zariya, domin a can ne aka yi maginin da sunansa ya fi na kowa tsira a cikin maginan ƙasar Hausa na ƙarni na goma sha tara. Babban Gwani ake ce masa. Shi ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, watau shekara talatin da ɗoriya bayan ɗaura jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804. Zamani ne da yaƙi ya fara lafawa, sababbin sarakuna suna bukatar masallatai da fadodi da kotunan alƙalai waɗanda za su shaida wa talaka da baƙo cewa mulki ya zauna da gindinsa. Duk inda aka sami irin wannan bukata, gwani yakan bayyana, kuma a Zazzau shi ne ya bayyana. Gidansa yana nan a cikin birni, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Magina.

Wanda bai taɓa sa hannu a laka ba ba zai gane girman abin da mutumin nan ya yi ba sai an ɗan warware masa. Maginin Hausa ba ya da dutsen sassaƙa, ba ya da dogon katako. Abin da ke hannunsa ƙasa ce da giginya. Ƙasar akan haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Giginya kuwa akan tsaga ta a fitar da azara, wadda gara ba ta cinta, amma tana da aibi guda: idan tazarar da za ta ƙetare ta wuce kamar mita biyu tana ɗauke da nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. To, ta yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahun masallata da itacen da ba ya ƙetare mita biyu? Amsar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Akan dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi tana ɗan karkata ciki, a ɗaura wata a kanta ta ƙara fita, a ɗaura ta uku, kowace tana ɗaukar ta gaba, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da laka su zama baka guda. A kan bakunan ake shimfiɗa gajerun azara a ɗaura tulluwa. Babban Gwani ba shi ya ƙago wannan dabara ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba: ya haɗa bakuna suna fitowa daga ginshiƙai masu kauri, suna gicciye juna a sama kamar rassan itatuwa, ya bar shimfiɗar azarar a fili ta zama ado, ya kuma yi wa ginshiƙan zane mai zurfi, da'ira da kusurwa da layi, tun lakar tana ɗanya. Mai irin wannan zane ba ya da damar gogewa ya sake, domin in laka ta bushe magana ta ƙare. A nan ne magini ke zama mai zane, kuma a nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Amma duba abin da ya rage mana na rayuwarsa. Wasu suna cewa sunansa Malam Mika'ilu, wasu suna cewa Muhammadu Durugu. A Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai gidan Madaki da aka gina wajen 1860, wanda shi ma ake jingina wa Babban Gwani, har ɗakin ya ɗauki sunan. Laƙabin ya haɗiye mutumin, ta yadda duk ginin da ya ƙayatar sai a ce nasa ne. Ƙarshensa ma labarin baka ne: wai ya gina masallaci a Birnin Gwari, da sarkin garin ya ga kyansa sai ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan labari da wata riga. Larabawa suna da nasu, na Sinimmar wanda ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga samanta, har sakayyar Sinimmar ta zama karin magana. Idan jama'a ba su rubuta tarihin gwani ba, sai su ara masa tatsuniya, kuma abin lura ne cewa tatsuniyar da muka ara masa ta mai mulki ce da ke son aikin ba ya son mai aikin. Ban kuma manta da ɗaruruwan hannuwan da suka haƙo ƙasa, suka ɗebo ruwa, suka jefa tubali sama ba, waɗanda da yawansu bayi ne a wancan zamani. Su ko laƙabi ba su samu ba.

Abin da ya tsira na ilimin wannan masallaci a takarda, akasarinsa a ƙarni na ashirin aka tattara shi. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland mai suna Dmochowski ya auna shi ya zana fasalinsa, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Daga cikin namu, Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina ya rubuta yadda suke kallon aikinsu da kalmomin da suke auna kyau da su. Allah ya saka musu. Amma tsakanin ginin da rubutun akwai fiye da shekara ɗari, kuma a cikin shekara ɗari tsofaffi nawa ne suka tafi da abin da ke bakinsu?

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Turai, da na ba shi labarin zamanmu ta waya, sai ya ba ni labarin wani mai zanen hoto na ƙasar Fotugal, Domingos Sequeira, wanda ya rasu a 1837, watau a daidai shekarun da ake ɗaura bakunan masallacin Zariya. Tsaran juna ne shi da Babban Gwani, ko da yake ba wanda ya san da wani. Shi ma ɗan talaka ne, ubansa matuƙin jirgin ruwa ne a bakin kogin Lisbon. An haife shi a 1768, ya tafi birnin Rum neman ƙwarewa a 1788, ya dawo gida, ya shiga gidan masu zuhudu na Kirista ya yi 'yan shekaru, ya fito aka naɗa shi mai zanen fada a 1802. Da sojojin Napoleon suka mamaye ƙasar a 1807, ya zana hoton da ke ɗaukaka kwamandansu Janar Junot, da suka fita aka tuhume shi da haɗa kai da maƙiya aka ɗaure shi. Daga baya ya goyi bayan juyin 1820 na masu neman tsarin mulki, da al'amari ya juye a 1823 ya yi gudun hijira zuwa Faransa, ya ƙare kwanakinsa a Rum bai sake ganin gida ba. Ku duba fa, har abin kunyarsa a rubuce yake, da shekararsa. Mutanensa sun san inda ya yi daidai da inda ya zame, ɗalibi zai iya bin hannunsa daga ƙuruciya zuwa tsufa ya ga yadda ya sauya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a 2015 zuwa 2016. Wani hoto da ya zana a 1828 yana hannun masu shi, babban gidan kayan tarihi na Lisbon yana son ya saye shi ya zama na jama'a, kuɗinsa yuro 600,000, kusan sefa miliyan 394. Sai aka kasa hoton ɗigo-ɗigo har miliyan goma, gwargwadon yawan mutanen ƙasar, aka ce kowane ɗigo kuɗinsa bai kai sefa 40 ba, kowa ya sayi abin da zai iya. Yara 'yan makaranta suka bayar, tsofaffi suka bayar, kamfanoni suka bayar, kuɗin ya cika har ya haura. Ba na cewa mutanen Fotugal sun fi mu son alheri. Mu da muke tara kuɗin masallaci a zama ɗaya ba za a koya mana bayarwa ba. Bambancin shi ne su an ce musu "na Sequeira ne", sunan ya kira su. Mu kuwa in na tashi a masallaci na ce a tara kuɗi a ceci bangon alƙibla, za a tambaye ni na wane ne, in ce na wani Bazazzagi.

Na san abin da wasu malamaina da abokan karatuna za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce, me ya haɗa mu da mai zanen hoto, alhali hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan suranta abu mai rai? Ban kawo Sequeira don a rataya hotunansa ba, na kawo shi ne don a ga yadda ake riƙe sunan mai sana'a. Zanen da nake magana a kai kuwa, na bangonmu da na Zariya da na gidajen unguwar Birni a Damagaram, babu mai rai a cikinsa. Dagi ne da da'ira da saƙa, irin adon da ke gefen allon zayyana da bangon Alƙur'ani da wuyan babbar riga. Musulunci bai kashe zane a ƙasar Hausa ba, hanya ya sauya masa, kuma a kan wannan hanya aka sami gwanaye. Wanda ya ce ba mu da masu zane don ba mu da hotunan fuska a jikin bango, bai san inda zai duba ba ne.

Na biyu za su ce, aikin masallaci don Allah ake yinsa, ɓoye suna ya fi kusa da ihlasi, bayyana shi ƙofar riya ce. Da na karɓi wannan hujja hannu biyu in da a kan kowa ake zartar da ita. Amma ku zaga masallatan garin nan ku karanta allunan da ke manne a ƙofofinsu: Alhaji wane ne ya gina, gidauniya kaza ce ta gina. Wanda ya sa hannu a aljihu an ce shi ya gina, wanda ya sa hannu a laka an ce a ɓoye shi saboda ihlasi. Wannan ba ihlasi ba ne, tsohon rainin da muke yi wa masu sana'ar hannu ne, magina da maƙera da marina da majema, muka sa masa rawani. Ban da haka, mu al'ummar isnadi ce. Duk wanda ya sauke littafin hadisi a gaban malami ya san ijaza, wane daga wane daga wane. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Tsofaffin littattafan da muka gada da rubutun hannu, Risala ce ko Ishiriniya, in ka duba shafin ƙarshe sau da yawa za ka ga marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa yana roƙon mai karatu ya yi masa addu'a. Ba wanda ya ce ya yi riya. Sunan yana gaya maka ta hannun wa abin ya iso gare ka, da wanda za ka nema in kana son koyo, da wanda za ka sa a addu'a. Shekara saba'in muna sallah a inuwar mutumin nan, ba mu taɓa ambatonsa da suna a addu'a ba ko sau ɗaya.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina kiran a bar tsohon gini a kan mutane saboda kyansa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na wannan masallaci na Babban Gwani ya rufta a kan masallata, mutum aƙalla bakwai suka rasu, Allah ya karɓi shahadarsu. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masana su duba. Ran mumini guda ya fi kowane bango, kuma wannan labari yana cikin abin da ya sa ban yi musu ba ranar Juma'a. Sai dai akwai darasin da ya kamata mu ɗauka daidai. Ginin ƙasa rayayyen abu ne, kiwo yake so kamar dabba. Kowace shekara bayan damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. A da akan shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga ramin marina, da gashin awaki daga wurin majema, da dafara daga daji, bango kuma a shafa masa makuba daga kwasfar ɗorawa. Ka ga ke nan magini yana tsaye ne a kan marini da majemi. Da karofi suka mutu katsi ya yi wuya, da siminti ya zo sai aka riƙa shafa shi a kan laka, shi kuwa siminti ba ya barin bango ya yi numfashi, yakan riƙe danshi a ciki ya ɓoye ɓarna har sai ta girma. Masallacin Zariya kansa an kewaye shi da sabon gini na kankare a shekarun 1970, fuskarsa ta asali ta ɓace wa ido. Namu ma haka aka yi masa a ƙaramin mataki: shekara ashirin da suka wuce muka shafe bayansa da siminti muna murna mun huta da yaɓe, tun daga ranar ba a sake kiran maginin ƙasa ya duba shi ba. Da muka daina kiransu suka daina koya wa 'ya'yansu, yau in ka nemi wanda zai ɗaura bakan gizo a unguwarmu sai ka sha yawo.

Abin bai gagara ba a inda aka riƙe shi. Ga Gawi nan kusa da mu, tafiyar 'yan mintoci a mota, inda matan Kotoko ke yi wa bangayensu zane da jar ƙasa da fara da baƙa, tsohuwar fadar sarkinsu ta ƙasa ta zama gidan tarihi, baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Ga kuma ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar, inda wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa bakuna da hasumiyoyi shekara da shekaru tare da mutanen garin, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Bahaushe ne ɗan zamaninmu, kuma da yake an rubuta sunansa, ga shi ina kiransa daga Cadi.

Mu da ke zaune a nan muna da dalili na musamman. 'Yan tsiraru ne mu a garin da Larabci da Faransanci suka cika kasuwa da makaranta. 'Ya'yanmu da yawa suna jin Hausa amma da Larabcin Cadi suke amsawa, jikokinmu kuwa sai abin da Allah ya yi. Abin da ke nuna cewa mun daɗe a garin nan, mun kuma kawo masa wani abu ban da goro da fatauci, kaɗan ne ya rage a tsaye, domin tsofaffin unguwanni suna ta komawa bulo da bene. Idan muka rushe wannan bango ba tare da shaida ba, nan da shekara ashirin yaro zai ce Hausawa ba su taɓa gina komai a Injamena ba, kuma ba mai abin da zai nuna masa.

Ga abin da zan gabatar wa kwamiti, na kuma sanar da Baba ya ce in faɗa da yawunsa. Kafin a sa diga, a kira masanin gini ya duba ko bangon alƙibla zai iya tsayuwa shi kaɗai a cikin sabon ginin, tun da tsagar a bangon arewa take. In ya ce zai tsaya, a bar shi, a kuma sa kuɗin kiwonsa na shekara-shekara a cikin lissafin masallaci kamar yadda ake sa kuɗin wuta da ruwa. In ya ce ba zai tsaya ba, a rushe, amma sai samarinmu masu wayoyi sun ɗauki hotonsa ɗani bayan ɗani, an auna tsawo da faɗi da zurfin zanen, an kwafe shi a takarda, sa'an nan a nemo mai hannu, ko daga Damagaram ko daga Zariya, ya mayar da shi a sabon mihirabi, yaranmu biyu ko uku suna tsaye a bayansa suna koyo, a biya shi kuɗin gwani, kada a biya shi kuɗin lebura. Allon da za a manna a ƙofa kuma, in har za a sa sunan wanda ya ba da siminti, to a sa na wanda ya ɗora bulo da na wanda ya yi zane. In an ce ihlasi ya hana, a cire na kowa.

Akwai roƙo guda da ya fi waɗannan gaggawa, domin shi ba ya jiran kwamiti. A cikin gidajenmu akwai tsofaffin mata da suka haura tamanin, waɗanda suna 'yan mata lokacin da ake wannan gini, wataƙila su suka riƙa kai wa magina fura. Ba wanda ya tambaye su ranar Juma'a, saboda ba sa zama a zaure. Duk mai kaka ko gwaggo irin wannan, ya zauna da ita a daren yau ya tambaye ta: Bazazzagin nan da ya gina masallaci, wa ake ce masa, a gidan wa ya sauka, wa ya yi masa yaron gini? Ko laƙabi ne, ko sunan unguwarsu a Zariya, a kawo mini. 'Yan uwanmu da ke Sudan masu karanta wannan shafi su ma su tambayi nasu tsofaffin, ko Allah ya sa ya yada zango a can ya bar zuriya. Ina zauren Baba kullum daga bayan Azahar zuwa Magariba, ban da ranar Juma'a, kuma kwamiti zai sake zama farkon watan gobe.